Dunƙulen shamfu mai ƙamshin lubban: sabulu ne aka sauya wa suna, kuma ko ƙaron hano zai yi wannan aikin?

Maman_Sadiya_Gwaram:
Assalamu alaikum warahmatullah, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina da tambaya a kan wani abin wanke gashi da ya fara shigowa garuruwanmu ta hannun masu saro kayan kwalliya daga Kano. Suna kiran sa shamfu, amma ba mai ruwa ba ne irin na cikin roba, dunƙule ne mai tauri da ake gogawa a jiƙaƙƙen gashi har ya yi kumfa. Abin da ya ja hankalin mata gare shi shi ne ƙamshinsa, domin masu sayarwa suna cewa da lubban aka haɗa shi, wato ƙaron itacen nan da ake zubawa a kasko. Mu a nan muna da ƙungiyar mata masu yin sabulun wanka da na wanki, kuma a duwatsun da ke bayan gonakinmu akwai itatuwan hano, waɗanda tun muna yara muke ganin iyayenmu suna turara ɗaki da ƙaronsu. Abin da nake son sani shi ne, shin wannan dunƙule daban yake da sabulun da muke yi, ko kuwa suna kawai aka sauya masa? Idan kuma daban ne, za mu iya yin irinsa da ƙaron hano maimakon lubban ɗin da ake kawowa daga waje?

Abban_Khalifa_Wudil:
Wa alaikumussalam, Maman Sadiya. Ni ɗan kasuwa ne, ina baje kayan shafe-shafe a kasuwar Wudil kowace Juma'a, kuma ra'ayina shi ne sabulu ne kawai aka yi masa kwali mai kyau domin a ninka kuɗinsa. Duk abin da ya daskare, ya yi kumfa, ya wanke datti, sunansa sabulu. Ku ci gaba da abin da kuka iya, ku ƙara masa turare, ku rubuta shamfu a jikinsa, za ku ga ciniki.

Malama_Kimiyya_Dutse:
Alhaji Abban Khalifa, ka yi mini afuwa, maganarka ta dace da wasu daga cikin kayan da ke kasuwa, amma ba ta dace da dukkansu ba, kuma shawarar da ka bayar a ƙarshe tana iya jawo wa ƙungiyar su Maman Sadiya ɓacin suna. Ina koyar da ilimin sinadarai a makarantar sakandare, don haka bari in ɗan tsawaita.

Dunƙulen da ake sayarwa da sunan shamfu iri biyu ne. Na farko sabulu ne na gaske, wato mai da aka haɗa da soda, ko man kaɗanya ne ko man alayyadi ko man kwakwa, kuma shi ne irin wanda ƙungiyoyin matanmu suke yi. Irin wannan a ma'aunin pH, wanda ake auna tsami da kanwa da shi, yana tsakanin 9 da 10, wato ya karkata ɓangaren kanwa, kuma ba yadda za a yi a sauko da shi sosai ba tare da ya daina zama sabulu ba. Fatar kan ɗan Adam kuwa tana wajen 5.5, ɓangaren tsami ke nan. Silin gashi yana da wasu 'yan ɓawo-ɓawo da ke kwance a jikinsa, waɗanda ido ba ya gani, kuma abu mai kanwa yana sa su tashi tsaye, shi ya sa gashi yake yin kaushi ya riƙa sarƙewa.

Na biyu ba a yin sa da soda a gida. Ana matse garin wasu sinadaran wanki masu laushi ne, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Sodium Cocoyl Isethionate, wanda ake taƙaita sunansa da SCI, kuma daga man kwakwa ake samo tushensa a masana'anta. Ana iya daidaita wannan ya tsaya tsakanin 5 da 6. A taƙaice shi ne shamfun roba da aka cire wa ruwa, domin mafi yawan abin da ke cikin robar shamfu ruwa ne. Waɗanda suka kafa kamfanin Lush na Ingila ne aka fi danganta wa fito da irin wannan dunƙule a ƙarshen shekarun 1980, shi kuwa shamfu mai ruwa kamfanin Schwarzkopf ya fitar da nasa a Jamus tun 1927. Saboda haka amsar tambayar farko ta dogara ne ga abin da aka rubuta a jerin kayan haɗin da ke bayan kwalin.

Hajiya_Mai_Kitso_Ringim:
Allah ya ƙara basira, Malama. Yanzu na gane dalilin abin da nake gani a hannuna kullum. Idan mace ta zo kitso, ba sai na tambaye ta ba nake sanin da me ta wanke kai. Wadda ta wanke da sabulun wanka da ruwan rijiya, idan na sa tsinken tsaga zan ji gashin yana kama hannu kamar an shafa masa kakin zuma, matajin kuma yana fitowa da wani fari-farin datti a gindin haƙoransa, ko da jiya ta wanke. Mata da yawa suna ɗauka amosani ne, su je su sayi magani, alhali ragowar sabulu ce.

Malama_Kimiyya_Dutse:
Haka yake, Hajiya. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam da ya kwaso daga ƙasa. Idan suka haɗu da sabulun soda sai su zama wannan farin dattin da ba ya narkewa a ruwa, ya manne a gashi. Irin na SCI ba ya yin haka sosai. Wadda ba ta da abin wanke kai sai sabulu, ta matse lemon tsami kaɗan a ruwan ɗauraya na ƙarshe, ko ta jiƙa tsamiya ta tace, zai rage matsalar. Ruwan sama kuwa ba shi da wannan illa, shi ya sa wankin damina ya fi kumfa.

Inna_Ta_Babura:
Ni jikata ce take rubuta mini, ina faɗa mata. Ina jin ku kuna ta lissafin sinadarai, amma mu da muka tashi ba mu san roba ko kwali ba. Ganyen karkashi muke jiƙawa har ya yi yauƙi, mu tsefe kai da shi, mataji ya wuce ba tare da gashi ya karye ba. Garin ganyen magarya muke kaɗawa ya yi kumfa mu wanke, sannan a shafa man shanu. Idan ana son ƙamshi sai a zauna a turara gashin da hayaƙi tun yana da danshi, a ɗaure da kallabi, kuma ƙamshin yakan kwana biyu bai fita ba. Ban hana ku sabon abu ba, 'ya'yana, amma ban gane yadda ƙamshin da za a bi da ruwa a ɗauraye zai zauna a kai ba.

Mai_Turare_Bichi:
Inna, Allah ya ƙara girma, kin taɓo wurin da nake son yin magana. Sana'ata haɗa turaren wuta, ina sayen kayana a kasuwar Kurmi, kuma akwai abin da masu sayen wannan dunƙule ba su lura da shi ba. Ƙamshin ƙaro a kan garwashi daban, ƙamshinsa yana ɗanye daban. Ku ɗauki ƙwayar lubban ku murje ta a tafin hannu, za ku ji wani ƙamshi mai kaifi da ya karkata wajen ɓawon lemo da ɗanyen itace. Wancan ƙamshi mai nauyi da muka sani a ɗakin amarya ko a masallaci ranar Juma'a, wuta ce take fito da shi, sannan yawanci ba lubban kaɗai ba ne, akwai sandal da farce da kajiji da sukari da madarar turare a cikin haɗin. Don haka idan kika buɗe kwali kika ji ƙamshin turaren wuta sak, ya cika ɗaki, to ki sani ba ƙaron itace ne ya yi wannan aiki shi kaɗai ba, turaren masana'anta aka zuba da aka kwaikwayi ƙamshin hayaƙi da shi. Ba laifi ba ne a yi hakan, laifin shi ne a ce wa mai saye lubban ne zalla.

Abban_Khalifa_Wudil:
To ai maganata ce ta dawo. Na ce kwali ne da turare, kuna cewa ba haka ba.

Malama_Kimiyya_Dutse:
A kan ƙamshi kana da rabon gaskiya, Alhaji, a kan abin da ke wanke gashin ne muka saɓa. Maman Sadiya, idan kwalin yana kusa da ke, ki duba jerin kayan haɗi. Idan da gaske akwai lubban a ciki za ki ga kalmar Boswellia, wadda ita ce sunan dangin itacen a ilimin tsirrai. Idan abin da kika gani Parfum ne ko Fragrance kawai, to haɗaɗɗen turare ne. Kuma ana jera kayan ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka abin da ya zo a ƙarshen layi ɗan kaɗan ne a cikin dunƙulen.

Maman_Sadiya_Gwaram:
Na duba, Malama. Kalmar farko tana farawa da Sodium Cocoyl, akwai Parfum a tsakiya, Boswellia kuma ita ce ta biyun ƙarshe. Ke nan ba sabulu ba ne, kuma lubban ɗin cikinsa kaɗan ne.

Dan_Maigatari_77:
Idan ƙaro kuke nema, ku zo kasuwarmu ta Maigatari ranar Alhamis, buhu-buhu ake sauke shi, har daga Nijar. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi samar da shi a Najeriya, tare da Yobe da Borno, kuma ƙasashen waje ake fita da shi. Ban ga dalilin da za a sayi na Larabawa da tsada ba alhali ga namu a gida.

Malamin_Daji_Rano:
Ɗan'uwa na Maigatari, ƙaron da kake magana a kai na dakwara ne, kuma ba zai yi wannan aiki ba. Shi ne wanda malamai suke sawa a tawada, kamfanonin lemon kwalba da na alawa kuma suke saye. Yana narkewa a ruwa tas, ba shi da ƙamshi, idan ka ɗora shi a garwashi ƙauri kawai zai yi. Ƙaron turare kuwa ba ya narkewa gaba ɗaya a ruwa, mai ne yake narkar da mafi yawansa.

Masu ƙamshi da muke da su a ƙasar Hausa da maƙwabtanta su ne hano, wanda wasu ke kira ararrabi, sai maje, sai dashi da ake yin shingen gona da shi, sai atili da ya fi yawa a wajen Filato. A cikinsu hano ne ɗan'uwan lubban na kusa, domin shi ma Boswellia ne, masana suna kiran sa Boswellia dalzielii. Lubban da aka fi yabo yana fitowa ne daga Boswellia sacra da ke tsiro a yankin Zufar na ƙasar Oman da Yaman da Somaliya, akwai kuma Boswellia papyrifera na Habasha da Eritiriya da Sudan, wanda shi ne mafi yawa a kasuwa. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya wuraren tarihin cinikin lubban na Oman cikin kayan tarihin duniya. Don haka tunanin Maman Sadiya yana kan hanya, hano zai iya tsayawa a madadin lubban.

Sai dai ina da fargaba, kuma saboda ita na shigo muhawarar. Wanda ya san hano ya san itace ne mai son kan dutse, ɓawonsa yana saɓulewa fale-fale, da rani yana zubar da ganye ya tsaya tsirara. Tuni masu maganin gargajiya suke sassaƙe shi, kuma sau da yawa ina tarar da wanda aka zagaye gindinsa da sassaƙa, wanda hakan kashe shi yake yi domin an yanke hanyar abincinsa. Idan aka ji cewa ƙaronsa ya zama kuɗi, yara za su hau duwatsu da gatari. Wani bincike da aka wallafa a 2019 a kan itacen lubban na Habasha da Sudan da Eritiriya ya yi hasashen cewa abin da ake samu zai ragu da rabi cikin shekara 20, saboda yawan tsaga da gobarar daji da kiwo sun hana ƙananan itatuwa tasowa. Mu da itatuwanmu ba su kai nasu yawa ba, ya kamata mu yi hattara tun kafin ciniki ya buɗe.

Baba_Manomi_Sumaila:
Malamin daji ya faɗi gaskiya. A gefen gonata akwai hano da na gada, kuma ban taɓa sa masa ƙarfe ba. Da rani yakan yi hawaye da kansa a inda reshe ya karye ko ƙwaro ya huda, in bar shi ya bushe, in ɓamɓare in kai gida. Abin da yake bayarwa a shekara ya ishi turaren ɗaki, amma ban ga zai ishi sana'a ba.

Malamin_Daji_Rano:
Baba, ana iya tsaga shi ba tare da an cutar da shi ba, idan an bi ƙa'ida. A ƙasashen da suka gaji sana'ar, ɗan ɓawon sama kawai ake kankarewa a wuri ƙarami, ba a shiga cikin itacen, a bar ƙaron ya tsattsafo ya bushe kamar mako biyu, sannan a dawo a kwashe. Ba a taɓa ƙaramin itace, kuma bayan wasu shekaru ana hutar da shi. Abin farin ciki shi ne hano yana kamawa idan aka dasa reshensa, kamar yadda ake dasa dashi, don haka ƙungiyar da ke son yin wannan sana'a da gaske ta fara da dasa nata a shingen gonaki.

Maman_Sadiya_Gwaram:
Na gode, Malam, zan kai wannan magana ga mai unguwarmu, tun da duwatsun ba na mutum ɗaya ba ne. Amma har yanzu ban ji yadda ake shigar da ƙaron cikin dunƙulen ba. Daka shi za a yi a zuba garin, ko yaya?

Mai_Turare_Bichi:
Kada ki zuba garin kai tsaye, 'yar'uwa, zai bar tsakuwa-tsakuwa da za ta maƙale a gashi, Hajiya mai kitso ta yi fama da ke. Yadda muke yi idan muna son man ƙaro shi ne, a tsince shi a cire ɓawon itace da ƙasa, a daka shi da sanyin safiya, domin idan rana ta yi zafi yana yin danƙo ya manne a taɓarya, da hunturu ma ya fi dakuwa. Sai a zuba garin a kwalba mai faɗin baki, a zuba mai ya sha kansa, man riɗi ko na zaitun, a saka kwalbar a cikin tukunyar ruwan zafi a kan wuta marar ƙarfi na wasu sa'o'i ana juyawa. Za ki ga man ya yi kauri ya koma ruwan zuma, wani gari kuma ya kwanta a ƙasa wanda ba zai taɓa narkewa ba. A tace da farin ƙyalle mai laushi tun da ɗumi. Kada a ɗora man a wuta kai tsaye, yana ƙonewa ya yi ɗaci a hanci, kuma ƙaro abu ne mai kama wuta.

Malama_Kimiyya_Dutse:
Wannan hanyar daidai ce, kuma abin da ke kwanciya a ƙasa shi ne ɓangaren ƙaron mai narkewa a ruwa. Abin da zan ƙara shi ne kada a sa rai da ƙamshi mai ƙarfi. Man ƙamshi da ke cikin ƙaron lubban yawanci ba ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma kamfanoni da tururi suke fitar da shi a tukunyar tacewa ta musamman, shi ya sa yake da tsada. Idan aka zuba man da Mai Turare ya bayyana a sabulun soda, zafin haɗin da makonni 4 zuwa 6 da sabulun zai yi yana shan iska za su cinye mafi yawan ƙamshin, sannan ƙaro yana sa haɗin ya yi kauri da wuri, don haka a shirya mazubi tun kafin a zuba. A irin na SCI kuwa mai kaɗan ake sawa, domin idan ya yi yawa kumfa tana mutuwa, dunƙulen kuma ya yi laushi. Turaren da ake ƙarawa shi ma yana da iyaka, yawanci ba ya wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100, kuma da ma'aunin giram ake auna shi, ba da murfin kwalba ba. Garin SCI yana tashi ya shiga hanci ya sa tari, sai an sa takunkumi. Sodar da kuka saba da ita ma ina tunatarwa, ita ake zubawa a ruwa, ba a zuba mata ruwa, kuma ba a haɗa ta a tukunyar dalma.

Ummu_Aisha_Kazaure:
Ni na yi amfani da irin wannan dunƙule, wata 'yar'uwata ce ta kawo mini tsaraba. Gashina ya yi laushi, ba na musu, amma da bazara ta shigo sai na tarar ya narke ya zama kunu a cikin robar sabulu, domin banɗakinmu ba rufi kuma ruwa yana taruwa a ƙarƙashinsa. Wanda zai yi don sayarwa a ƙauye ya yi la'akari da zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da yakan kai digiri 40, ga man kaɗanya da ba ya jure irin wannan zafi. Daga baya sai nake yanka shi gida-gida, in ɗauki guda in shiga da shi, sauran in bar su a ɗaki a nannaɗe da takarda.

Maaikaciyar_Lafiya_Gumel:
Ina roƙon a yi hankali da wani ɓangare da ba a taɓo ba. Na ji masu talla suna cewa shamfun lubban yana maganin amosani da makero da zubewar gashi, har da ƙwarƙwata. Makero cutar naman gwari ce da ke shiga cikin tushen gashi, kuma ba abin wanke kai da ke warkar da ita shi kaɗai, sai an sha magani na makonni bisa umarnin likita. Nakan ga yaran da aka kawo bayan an daɗe ana shafe-shafe, wurin ya yi ƙurji ya fara ruwa, wani ma gashin ba ya sake fitowa a wurin. Sannan kasancewar abu daga itace ya fito bai hana shi yi wa fata illa ba, akwai masu samun ƙaiƙayi da kumburi daga man ƙamshi. Duk wadda za ta gwada sabon abu ta fara shafa kumfarsa a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, ta jira kwana ɗaya ko biyu. Jarirai kuwa a bar musu abin da ba shi da turare.

Almajirin_Malam_Hadejia:
Tun da magana ta zo kan ƙamshi, akwai hukunce-hukuncen da mata za su so a tuna musu. Wanda ya yi harama da Hajji ko Umara ba ya amfani da turare, don haka maniyyaci ya nemi marar ƙamshi domin kwanakin harami, duk da cewa dunƙule ya fi sauƙin tafiya, tun da a mafi yawan filayen jirgi abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. Mai takaba ma tana nisantar turare tsawon wata huɗu da kwana goma, sai dai ya zo a hadisin Ummu Aɗiyya da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa an yi mata rangwamen ɗan abin turarawa kaɗan lokacin da ta yi tsarki daga al'ada. Haka kuma an hana mace fita cikin maza da ƙamshi mai tashi. Magaryar da Inna ta ambata kuwa tana da asali, domin ta zo a hadisin wankan tsarki. Wanda yake da yanayi na musamman ya tambayi malamin garinsu. Allah ne mafi sani.

Hajiya_Mai_Kitso_Ringim:
Allah ya gafarta Malam, wannan ma hujja ce ga mai ƙamshi kaɗan. Ni a matsayina na mai kitso, da su Maman Sadiya za su yi wanda bai cika turare ba, wanda ba ya barin datti, da shi zan riƙa wanke wa amare kai, in ya so in turara musu da kasko kamar yadda Inna ta ce. Ƙamshin hayaƙi a danyen gashi ya fi kowane irin ƙamshin kumfa daɗewa.

Abban_Khalifa_Wudil:
Hajiya, ke kin san gashi, ni kuma na san mai saye. Mace tana zuwa rumfata, abu na farko da take yi shi ne ta kai kwali hanci. Idan ba ta ji komai ba ta ajiye ta wuce, ba ta tsayawa karanta Boswellia. Ba ina cewa a yi ƙarya ba ne, amma wanda ya yi marar ƙamshi zai dawo da kayansa gida.

Sakataren_Kungiya_Birnin_Kudu:
Kafin a kai ga rumfar Alhaji akwai batun hukuma. Kayan shafe-shafe da na wanke jiki suna ƙarƙashin NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma duk abin da za a sa wa kwali a kai kasuwa ana buƙatar a yi masa rajista ya sami lamba, bayan an yi wa sunan sana'ar rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Za a duba wurin da ake haɗawa da abin da aka rubuta a jikin kwalin. Idan kuka rubuta cewa yana maganin wata cuta, kun fita daga layin kayan kwalliya kun shiga na magunguna, wanda sharuɗɗansa sun fi tsauri. Shawarata ita ce ku rubuta abin da ke ciki kawai, idan kun ƙara turare ku faɗa, idan sabulu ne ku kira shi sabulun gashi.

Inna_Ta_Babura:
A tambayar mini Malamar makaranta, shin ba za a iya zuba garin magarya ko karkashi a cikin dunƙulen ba, tun da su muka san amfaninsu a gashi?

Malama_Kimiyya_Dutse:
Za a iya, Inna, musamman garin magarya idan an tankaɗe shi da rariya mai laushi sosai aka sa kaɗan. Karkashi ne nake shakka, domin amfaninsa yana cikin yauƙin da yake yi idan ya jiƙa, kuma ganye mai danshi a cikin dunƙulen da ake jiƙawa kullum yana iya jawo fumfuna. Gara a bar shi a matsayin abin tsifa daban, a sayar da busasshen garinsa a ƙulli tare da dunƙulen.

Maman_Sadiya_Gwaram:
Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da ya rage mini shi ne SCI ɗin nan, domin idan sai an kawo shi daga waje, ban san ko kuɗin zai bar mana riba ba, kuma matan ƙungiyarmu hannunsu ya faɗa ne a kan soda. Wasu daga cikinmu suna ganin mu fara da sabulun gashi mai man hano, mu riƙa gaya wa masu saye su ɗauraye da lemon tsami, wasu kuma suna ganin idan ba za mu yi na gaske ba gara mu bari. Malama, a Kano ana samun sa?

Malama_Kimiyya_Dutse:
Ki fara tambaya a shagunan masu sayar da sinadaran haɗa sabulu da ke Sabon Gari, ki rubuta musu cikakken sunan kamar yadda yake a kwalin da ke hannunki, domin wasu za su miƙo miki garin wankin da ake sawa a sabulun ruwa su ce duk ɗaya ne, alhali ya fi shi kaifi a fata. Ki sayi takardar gwajin pH a wurinsu, ba ta da tsada. Ku yi ɗan kaɗan na kowane iri, ku gwada da ruwan rijiyarku, ba da ruwan leda ba.

Mai_Turare_Bichi:
Idan za ku gwada, ku ware ƙaron hano mai haske daga mai duhu kafin ku daka, domin mai duhun yakan zo da ɓawo da ƙasa, shi ya fi dacewa da kasko. Baba na Sumaila, idan kana da ragowar na bana a ajiye, ina son in saya in kwatanta shi da lubban ɗin da ke hannuna a cikin man riɗi iri ɗaya.

Baba_Manomi_Sumaila:
Akwai kaɗan a cikin gwangwani, amma na bara ne, na bana bai gama bushewa a jikin itacen ba. Ka bari sai bayan sallah in aiko maka da duka biyun ta hannun direban da ke zuwa Kano.